Kwana a bakin ruwa cikin daji: Dadin Kowa, Wikki ko Gashaka?

Ɗan ƙanwata ne ya shigo min da waya a hannu bayan sallar la'asar. Hoton wani tanti ne a bakin tafki, ga tsaunuka a bayansa, ga hayaƙin shayi yana tashi. Ya ce, "Kawu, irin wannan muke so. Mu biyar ne, mun yi karo-karo, hutun Disamba za mu je. Ina ya fi?" Wurin da ke hoton a Kanada yake, ban ma tsaya karanta sunansa ba. Abin da na lura da shi shi ne abubuwa uku ne suka haɗu a ciki: tafki, tsauni, da gandun daji mai masu gadi. Duka ukun muna da su a wannan yanki namu, sai dai ba a wuri ɗaya ba. Dadin Kowa na da tafki da dutse, amma ba gandun daji ba ne. Yankari gandun daji ne mai ruwan wanka na Wikki, amma babu tafki, tsaunukansa kuma gajeru ne. Gashaka-Gumti na da tsauni na gaske da masu gadi, ruwansa kogi ne, ga nisa. Duk wanda ka ɗauka, sai ka haƙura da ɗaya. Tambayar ke nan: wanne za ka iya haƙura da shi?

Da abubuwa huɗu nake auna su. Na farko kuɗi, kuma da litar man fetur nake lissafi, don tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 farashin naira ba ya kwana biyu a wuri guda. Ƙaramar mota mai lafiya tana shan lita 8 zuwa 10 a kilomita 100, sai ka ninka da farashin ranar da za ka tashi. Na biyu ƙarko: wata nawa a shekara wurin ke zuwuwa, kuma wane irin kaya ne ke jure masa. Na uku sauƙi, wato hanya, abinci, ruwan sha da ban ɗaki. Na huɗu haɗari. Lissafin nisa duk daga garin Gombe na yi shi, mutumin Bauchi sai ya gyara nasa.

Dadin Kowa

Wannan shi ne na ƙofar gida. Kilomita 37 ne gabas da Gombe a kan hanyar Biu, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba. Dam ne da aka tare Kogin Gongola da shi, yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita biliyan 2.8, daga nan Gombe ke shan ruwan famfo, kuma akwai injin wutar lantarki mai megawat 40. In ka tsaya a gaɓa da yamma, ga ruwa iya ganinka, ga Dutsen Bima a gefe, ga kwale-kwalen masunta suna dawowa, to ka kusa kai wa ga hoton nan na Kanada. Zuwa da dawowa lita 8 ta ishe ka. Motar haya ma tana zuwa, sai ka ƙarasa da acaɓa. Abinci ba matsala: ka sayi ƙarfasa ko tarwaɗa a hannun masunta, ka gasa da kanka.

Amma babu wani sansanin baƙi da aka keɓe. Ba shinge, ba ban ɗaki, ba mai gadin da aikinsa shi ne lafiyarka. Jikin dam ɗin kansa yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, ba a kafa tanti a can haka kawai. Sauran gaɓar kuwa gonakin mutane ce da mashigar masunta. Sai ka fara zuwa wurin mai unguwa, ya haɗa ka da sarkin ruwa, ka gaishe su yadda ya kamata, su nuna maka inda za ka sauka. Wanda ya tsallake wannan, ya kunna tocila a gonar mutane da tsakar dare, kada ya yi mamaki in 'yan banga sun zo masa da tambayoyi.

Zuwa wurin sarkin ruwa ba ladabi ne kawai ba. Karon farko da na kwana a can, mun zaɓi wani fili mai laushi, shararre, yana gangarawa zuwa ruwa kamar an yi shi don tanti. Mun fara buga turaku sai ga wani dattijo da homa a kafaɗa. Ya yi sallama, ya dubi filin, ya dube mu, ya ce, "Malam, wannan wurin da kake gani a share, ba da tsintsiya aka share shi ba." Ya nuna mana sawu a cikin taɓo, kowane ɗaya kamar bakin akushi. Hanyar dorina ce. Da rana tana cikin ruwa, da dare take fitowa kiwo, kuma hanyar da ta saba ita take bi. In ta ga an shiga tsakaninta da ruwa, ba ta tambayar dalili. Dorinar Dadin Kowa ta sha kifar da kwale-kwale, ta ci rayukan masunta, wannan duk mutumin Yamaltu ya san shi. Muka kwashe kaya muka hau tudu, kusa da gidajen mutane.

Haɗari na biyu ba a ganinsa. Ruwan dam da ba ya gudu, mai ciyawa a gefe, gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne. Wanka ɗaya ya isa, sai bayan makonni ka fara fitsarin jini. Saboda haka tafkin nan na kallo ne da kamun kifi, ba na iyo ba. Na uku kububuwa, wadda ake ce wa gobe da nisa. Ƙasar Gombe ta yi suna da ita, shi ya sa ma aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo. Takalmi sau ciki da tocila wajibi ne, kuma a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama.

Lokacinsa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Maris da Afrilu kwarin Gongola tanda ne, da damina kuma ruwa yana hawa, sauro yana mulki.

Wikki, cikin Yankari

A gyara wani abu tukuna. Mutane suna kiran Yankari gandun daji na ƙasa, amma yanzu na jihar Bauchi ne. An keɓe shi a 1956 zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe wa jama'a a Disambar 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Ana barin titin Bauchi zuwa Gombe a Dindima, a yi kilomita 29 zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofa kuma kilomita 40 da 'yan kai cikin daji kafin sansanin Wikki. Daga garin Bauchi duka bai fi kilomita 115 ba. Daga Gombe yana kusan 190, wato lita 35 ko makamancin haka zuwa da dawowa. Ƙaramar mota tana zuwa. Matsalar mai motar haya ita ce tsakanin ƙofa da sansani, don ba a bin hanyar da ƙafa, gara a yi shatar mota tun daga gari.

Ruwan Wikki ba tafki ba ne, maɓuɓɓuga ce da ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, tana zubar da lita miliyan 21 a rana zuwa Kogin Gaji. Ɗuminta digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Da asubar hunturu, lokacin da buta ke gagarar hannu, za ka sauka matakalar nan ka tarar da tururi yana tashi a kan ruwa, ka shiga ka ga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. A cikin wuraren ukun nan, nan ne kaɗai zan ce wa yaro ya shiga ruwa hankalina kwance, shi ma da babba a kusa, domin wajen bakin dutsen ya fi ƙarfin tsayuwar yaro.

Kuɗin Wikki kashi-kashi ne: na shiga a ƙofa, na mota, na ɗaki, na zagayen kallon namun daji da ɗan jagora, sai abinci. Akwai ɗakuna sama da 100, daga na talaka zuwa na manya, akwai kuma na ɗalibai mai gadaje da yawa, wanda shi ne ya fi sauƙi ga ƙungiya. Mai son tanti sai ya nemi izinin hukumar wurin kafin ya taso, kuma a harabar sansani ne, ba a tsakiyar daji ba. Ni dai shawarata a kama ko da ɗaki ɗaya ne, don ban ɗaki da ajiyar abinci. Kuma a kira a tambayi halin wuta da famfo kafin a zo, musamman lokacin Salla da ƙarshen shekara, lokacin da wurin ke cika maƙil.

Dalilin ajiyar abinci a ɗaki kuwa, gwaggon biri. Ɓarawon Wikki ba ya jiran dare. Na taɓa ajiye ledar burodi a kan mota, na juya ɗauko sukari, da na waiwayo sai na ga wani ƙato a zaune nesa kaɗan yana warware ledar a tsanake, yana kallona kamar ni ne baƙonsa. Sun iya buɗe ƙofar da ba a kulle ba, balle zif ɗin tanti. Kada a bi su da sanda, kada a ba su abinci, babbansu haƙoransa ba na wasa ba ne. Gadu ma yana yawo a tsakar sansanin yana kiwo a durƙushe, shi dai a ba shi hanya.

Abin da Yankari ke da shi wanda sauran ba su da shi shi ne ganin dabba daga kan mota: giwa in an dace, ɓauna, gwanki, gwambaza, kada da dorina a Gaji. Daga Fabrairu zuwa Afrilu aka fi ganinsu, saboda ciyawa ta bushe, ƙishirwa ta koro kowa bakin kogi. Sai dai lokacin ne zafi ya fi tsanani, kwanan tanti ya zama horo. Wanda ya zo a Disamba ya samu barci mai daɗi amma dabba kaɗan. Da damina sansanin yana nan, amma ciyawa ta rufe komai, tsando yana cizo ta cikin riga. Akwai kuma kogunan dutse na Marshall guda 59, da rijiyoyin Dukke, ga mai son tarihi. Maganar tsauni kuwa a bar ta: mafi tsawo, Kariyo, mita 640 ne.

Ta fuskar tsaro, akwai masu gadin daji da makamai, kuma ƙungiyar kare namun daji ta WCS tana aiki tare da su. Amma an sha jin labarin 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri da ke maƙwabtaka da dajin. A tambayi mutanen wurin kafin tafiya, a shiga ƙofa da rana, a fita da rana.

Gashaka-Gumti

In tsauni kake so, nan ne, ba wani wuri. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru, an kafa shi a 1991. A cikinsa Chappal Waddi yake, wanda ake kira Gangirwal, mita 2,419, babu tsaunin da ya kai shi a ƙasar nan. Hedikwatarsa tana Serti. Daga Gombe sai ka bi Kaltungo, Numan, Jalingo, Garba Chede, Bali, sannan Serti. Ya haura kilomita 500 a tafi kawai. Ka ɗauka lita 100 ce mafi ƙaranci zuwa da dawowa, da yini guda cur a hanya, ko a kwana a Jalingo, wanda shi na fi so, don ba hanyar da za a bi da dare ba ce.

Nan ne kwanan tanti yake da ma'anarsa. Kana bakin Mayo Kam, ruwa garau yana gudu a kan duwatsu, dogayen itatuwa sun yi rumfa, da dare ba ka jin komai sai kogi da kukan abin da ba ka san sunansa ba. Masu ƙugiya suna zuwa don giwan ruwa da tsage. A kurmin wajen Kwano akwai biri mai ganga, wato chimpanzee, amma kada ka sa rai da ganinsa a kwana biyu, masu bincike ma wata da watanni suke yi suna bin sawunsa. Dabbar Gashaka da ƙafa ake nemanta, cikin duhuwa, ba daga kan mota ba.

Tsadarsa ba a ƙofa take ba, a hanya take da cikin daji. Daga Serti zuwa ciki sai babbar mota mai jan ƙafa huɗu ko babur. Ba a shiga sai da ma'aikacin gandun, in za a hau tudu kuma sai da 'yan dako, kowa da haƙƙinsa da abincinsa. Hawan Chappal Waddi tafiyar kwanaki ce. Shinkafa, gari, man gyaɗa, gishiri, magani, duk a kanka suke, ruwan kogi kuma sai an tafasa. Sabis ɗin waya yana ɓacewa da zarar an nutsa, asibiti yana da nisa, don haka targaɗen da za a yi wa dariya a Gombe, a can babban al'amari ne. Mai hawan jini da ciwon suga ya yi shawara da likita tukuna. Wanda ke jin Fulatanci ya samu sauƙi, don yana da amfani a ƙauyukan ciki kamar yadda Hausa take da shi a Serti.

Daminar can ta fi tamu tsawo da ƙarfi. Koguna suna cika su datse hanya, saboda haka daga Disamba zuwa Maris ake shiga. A kan tudu kuma sanyin dare ya fi duk wanda ka sani a Gombe, bargo ɗaya ba ya yi.

Shi kansa tantin

Iri uku za ka tarar. Akwai na leda mai sandunan roba, mai araha, wanda ake naɗewa a jaka. Irinsa na fara saya, mai shagon ya rantse min zai yi shekara goma. Iskar hadarin farko ta ƙarshen Afrilu ta karya sanda biyu a dare ɗaya, muka ƙarasa kwana a mota. Yana yi wa mai fita sau ɗaya ko biyu a shekara da rani, amma rana tana cin ledar, ƙurar hunturu tana kashe zif. Akwai na tamfol, mai nauyi, mai tsada, wanda masu ɗinkin rumfa ke iya faci in ya yage. Wannan yana daɗewa in ba a naɗe shi da danshi ba, sai dai ba a hawa tudu da shi. A kasuwar gwanjo kuma akan dace da na masu hawan dutse, mai sandunan alminiyom da rufi biyu, shi ne na Gashaka. A kafa shi a gaban mai sayarwa, a ƙirga sanduna da turaku kafin a biya.

Akwai kuma wanda ba tanti ba ne ma: gidan sauro mai magani, tabarma, ƙaramar katifa da bargo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ba a ruwan sama a Gombe, wannan ya isa a Dadin Kowa in an cusa gefen gidan sauron ƙarƙashin katifa. Ko wanne aka ɗauka, kada a shigar da gawayi ko risho cikin tanti don jin ɗumi. Iskar da ke fita daga garwashi ba ta da wari, tana kashe mutum a cikin barci. Wutar girki kuma a kashe ta da ruwa, busasshiyar ciyawar hunturu ƙyas take jira.

| | Dadin Kowa | Wikki (Yankari) | Gashaka-Gumti |
|---|---|---|---|
| Mai daga Gombe, zuwa da dawowa | kimanin lita 8 | kimanin lita 35 | lita 100 ko fiye |
| Sauran kuɗi | kifi, goron gaisuwa | shiga, ɗaki, zagaye | shiga, jagora, 'yan dako, mota |
| Ruwa | tafki, ba a iyo | maɓuɓɓuga, ana wanka | kogi mai gudu |
| Tsauni | Dutsen Bima | ƙananan tuddai | har mita 2,419 |
| Watanni | Nuwamba zuwa Fabrairu | duk rani | Disamba zuwa Maris |
| Kwanaki | 1 | 2 zuwa 3 | 5 ko fiye |
| Ban ɗaki da masauki | babu | akwai | kaɗan, a ciki babu |
| Babban haɗari | dorina, tsargiya, kububuwa | birai, tsando, hanyar dare | nisa da asibiti, cikar kogi |

Mai iyali, da mata da ƙananan yara, Wikki zai je, ya kama ɗaki, in yara sun nace a kafa musu tanti a ƙofar ɗakin da izini. Haka makaranta da ta ɗauko ɗalibai, haka ango da amarya. Dattijon da ke son hutu da ruwan ɗumi a gwiwoyinsa ma nan ne, amma ya san akwai matakala mai tsawo tsakanin sansani da ruwan.

Wanda hoton tafki da faɗuwar rana ne damuwarsa, aljihunsa kuma ba nauyi, Dadin Kowa ya ishe shi, da sharaɗin maza ne manya, kwana ɗaya, kuma suna da ɗan gari. In babu ɗan gari, a je da safe, a ci kifi, a dawo kafin magariba. Mutumin Misau ko Azare da ke son ruwa da tsuntsaye yana da Tafkin Maladumba a kusa, wanda aka sa cikin jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya a 2008, sai dai can shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba dutse.

Gashaka na masu ƙafa ne da mako guda a hannu, mutum huɗu zuwa shida da za su raba kuɗin mai da na jagora, waɗanda kuma sun taɓa kwana a waje sun san halin junansu in abinci ya ƙone. Ba wurin koyo ba ne.

Ɗan ƙanwata, da ya ji lita 100, sai ya ajiye wayar. Na ce masa su biyar ɗin su fara da kwana biyu a Wikki bana, su ga wanda ke tashi ɗora ruwa da wanda ke jira a kawo masa, Gashaka sai baɗi in Allah ya kai mu. Ya ce, "To Kawu, za ka ara mana tantinka?" Na ce ya je ɗakin ajiya ya ɗauko na tamfol ɗin, ya shanya shi a tsakar gida, ya ƙirga turakun, don na tuna biyu sun zauna a bakin Gongola.